Ganyen da Ya Fita Ba a Tauna Ba

Ni dai maciji bai taɓa firgita ni a lambu ba. Na sha ɗaga ganyen kabewa in tarar da kasa a naɗe, in ja da baya a hankali in bar mata wurinta, in ci gaba da aikina. Kunama kuwa ta harbe ni har na daina ƙirgawa. Abin da nake tsoro har gobe shi ne ganye. E, ganye, wannan dai da nake shukawa da hannuna. Ina tsoron ranar da wani zai karɓi ƙulli daga lambunmu, ya yi mini godiya, ya kai gida ya dafa wa marar lafiyarsa da zuciya ɗaya, alhali cutar tana cikin ƙullin. Jikokina sun ɗauka rigimar tsufa ce ke damuna. Su yi ta dariyarsu, ni na san abin da na sani.

Lambun nan namu na bayan Tunga, wanda gidajen bulo suka matse shi ta ko'ina har ya koma kamar tsakar gida, a da daji ne sosai. Daga gidanmu na Limawa muke fitowa da sassafe, raɓa tana jiƙa mana gefen zane, mu yi ta tafiya har gari ya ƙare a bayanmu. A hanya sai mu yi ta kiciɓis da matan Gwari sun saɓo doya a kafaɗa za su kasuwa, mu gaisa da 'yar Hausar da suke ji, kowa ya wuce. Idan muka isa, ba abin da kunne yake ji sai kukan kurciya, da kwaɗi a bakin rafi, da ƙarar jigo idan Baba yana ɗebo ruwa, ƙiii, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Can da hantsi jirgin ƙasa zai yi kuka daga tasha, mu san lokacin karin kumallo ya yi. Yanzu fa? Janareta a dama, mai walda a hagu, 'yan kabu-kabu da masu keke suna ta ƙaho kamar ana korarsu, ga mai tallan magani da lasifika yana rantsuwa kwalba ɗaya tana maganin cuta arba'in. Kwaɗin ma sun gaji sun bar mana rafin, don abin da yake gudana a ciki yanzu ruwan kwata ne.

Lambun na kakata ne, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Daga wajen Bida aka auro ta, ta zo da irin shuke-shukenta ƙulle a bakin zane, ita ta sare wurin da hannunta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idan ta tsaya a cikin tazargade sai ɗankwalinta kawai ake hangowa, amma duk girman Baba bai isa ya matsar da ko dutse ɗaya a lambun ba sai da izininta. Ba mu noman hatsi. Ganyen magani da na ƙamshi muke yi: ɗaɗɗoya, na'a-na'a, tazargade, shuwaka, garafuni yana bin shinge, citta da kurkum a gindin inuwa. Kowane iri da fangalinsa, wato ɗan filin da aka kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa. Takinmu kashin shanu ne da Fulani suke bar mana idan sun yi zango da rani, sai na awaki, sai toka. Ƙwari kuwa ganyen dogon yaro muke daka musu, mu jiƙa kwana uku a tulu har ya yi wari, gwargwadon kaurinsa gwargwadon aikinsa. Ranar jajiberin tsinka, da yamma, sai a tsoma tsintsiya a yayyafa wa ganyen sharkaf, tsutsa ta zube, da safe a ɗauraye da ruwa a tsinka. Haka na buɗe ido na ga ana yi, ban san wata hanya ba. Idan muka yi ƙorafin warin, Iya takan ce, "Ku toshe hanci ku yi aiki. Masu zuwa nan ba ƙoshin lafiya ke kawo su ba."

Akwai kuma wata doka da Iya ta kafa, wadda duk mai sayen ganye a wurinmu ya sani. Ba ƙullin da yake fita daga lambun sai ta zura yatsu tsakiyarsa, ta zaro ganye ɗaya, ta tauna a gaban mai shi, ta haɗiye. Ko shuwaka ce mai ɗacin tsiya haka za ta tauna, fuskarta ko gezau. Wanzamai, da unguwar zoma, da matan da suke sayarwa a kasuwa, duk sai su tsaya su jira ta haɗiye kafin su miƙa hannu. Bakinta kuwa abin mamaki ne. Tana taunawa za ta ce wannan rana ta buge shi, wancan an ba shi ruwa fiye da kima, wannan akuya ta yi fitsari kusa da shi. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta tofar ba, tunda ta riga ta ji ɗanɗanon. Ta harare ni ta ce, "Shi wanda za a ba wa tofarwa zai yi? In akwai sharri a ciki, cikina ya kamata ya fara samu, ni da na shuka." A lokacin na ɗauka burga ce irin ta tsofaffi, har nakan kwaikwaye ta a bayan idonta in ba ƙannena dariya.

Shekarar da na isa budurwa, Iya ta ba ni fangali nawa na kaina, na ɗaɗɗoya, can gefen shinge ta inda hanya take wucewa. Kai, ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. A gidanmu ba a ba mutum fangali sai an yarda da hankalinsa, akwai yayyena maza da ba su samu ba. Na ɗauki abin da zafi, ni ce ban ruwa, ni ce cirar ciyawa, ɗaɗɗoyar nan ta tashi kore shar, ƙamshinta har hanya. Ana saura 'yan kwanaki a fara tsinka sai wata koriyar tsutsa ta sauka mata. Na yayyafa dogon yaro, na ƙara, na bi da toka, na tsince da hannu har yatsuna suka yi kore. A banza. Kullum na zo sai in tarar ganyen ya ƙara hujewa kamar rariya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fangalin Iya, ga shi nan kusa da nawa, ko ƙwaro ɗaya babu. Yayyena suka samu abin tsokana, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da kiwon tsutsa, uwar lambu." Ni kuwa tun ina yarinya ba na ɗaukar raini. Gara a doke ni da a yi mini dariya.

A ƙetaren rafi akwai wani mutum mai gonar wake. Lokacin ne malaman gona suka fara kawo maganin feshi, shi kuwa yana cikin na farkon da suka karɓa. Nakan hango shi da tulun ƙarfe a goye yana bin kunya-kunya, wakensa kuwa sai sheƙi yake yi. Iya ko gaisuwarsa ba ta cika amsawa da kyau ba tun da ya fara, takan ce abin da ya kashe ƙwaro nan take ba ta ga dalilin da zai ji tausayin ɗan Adam ba. Ranar wata Laraba aka yi rasuwa a unguwarmu, Iya da Baba suka koma gari tun azahar, aka bar ni in ƙarasa ban ruwa. Shaiɗan ya ce mini ga dama. Na tsallaka rafi da gwangwanin madara a hannu, na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ne ya aiko ni a sam masa kaɗan. Bawan Allah bai kawo komai a ransa ba, ya tsiyaya mini kusan rabin gwangwanin. Ya ce, "Ki ce masa ɗan kaɗan ake ɗigawa a ruwa mai yawa, yana da ƙarfi." Bai tambaye ni me za a fesa wa ba, ni ma ban faɗa ba.

To, a nan wautata take. Ni duk abin da na sani game da maganin ƙwari, a tulun dogon yaro na koye shi: a yi shi da kauri, a yayyafa da yawa, a yi shi jajiberin tsinka, da safe a ɗauraye. Da na ji ya ce ɗan kaɗan, sai na ce a raina rowa ce irin ta mai abu. Na juye gwangwanin kaf a 'yar ƙwarya, ruwan ya koma fari kamar nono, na tsoma tsintsiya na bi fangalin nan ganye-ganye har yana ɗiga. Warin ya sa mini ciwon kai, idona yana ta ruwa, amma ina ganin tsutsa tana murɗewa tana zubewa sai daɗi ya rufe ni. Na binne gwangwanin, na jefa ƙwaryar da tsintsiyar a daji, na wanke hannu da toka. Na koma gida ina ta tsara yadda yayyena za su ji kunya.

Washegari ban jira kowa ba, ana sallame asuba na kama hanya. Na tarar da tsutsa a ƙasa baƙi ƙirin, ko ɗaya ba ta motsi. Na ɗebo ruwa na ɗauraye ganyen kamar yadda muka saba, na sunsuna, ƙamshin ɗaɗɗoya ya danne kusan komai, sai wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa da na ce iska za ta kwashe. Na fara tsinka ina ƙullawa. Ina cikin haka sai na ji sallama ta bayan shinge. Wata Bafulatana ce da ƙwaryar nono a ka, da goyo a baya, ban taɓa ganinta ba. Yarinya ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta ce ƙamshin ne ya tsayar da ita. Ta juyo mini da goyon, wani ɗan yaro da bai isa yaye ba, idanunsa sun faɗa, ya kwantar da kai a bayanta. Ta ce, "Kwana uku cikinsa yana gudu. An ce in dafa wannan ganye in ba shi. Don Allah ƙanwata, sam mini."

Na san doka. Wallahi na sani, har na waiwaya ko zan hango Iya a hanya. Amma wannan ce rana ta farko da wani ya roƙi ganyen fangalina, ni kaina, ba na Iya ba. Kaina ya kumbura. Na zaɓi ƙullin da ya fi kowanne kyau na miƙa mata ta saman shinge, har ina koya mata yadda za ta yi, kamar wata babba: ta tafasa shi sosai, ta ba shi safe da yamma, ita ma ta sha don ya bi ta nono. Ta sauke ƙwarya ta cika mini ludayi biyu, ta yi ta sa mini albarka. Yaron ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai. Ta saƙa ƙullin a gefen ƙwarya ta nufi gari, ni kuma na tsaya ina shan nono ina jin ni wata ce.

Sai da rana ta ɗan ɗaga Iya ta iso tana dogara sanda, tare da unguwar zoman unguwarmu, wadda ta zo karɓar ɗaɗɗoya don wata mai jego. Iya ta tsaya a kan fangalina, ta dubi tsutsar da ke zube, ta dube ni. Ta ce, "Ikon Allah. Dogon yaron ne ya yi wannan aiki?" Na ce e. Ta zauna a kan turmin da take zama, ta ce in kawo ƙulli ɗaya daga nawa. Sai a lokacin gabana ya faɗi. Wallahi tun jiya ban tuna cewa ganyen nan ta bakin Iya zai bi ba. Na kawo mata. Ta zura yatsu tsakiya, ta zaro ganye, ta sa a baki. Ta tauna sau biyu sai muƙamuƙinta ya tsaya. Ta ɗago ido ta kafe ni da shi. Na ce yanzu za ta tofar, ta ɗauki sanda, a yi mini dukan da za a yi a wuce wurin. Sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye.

"'Yar nan, akwai abin da za ki faɗa mini?"

Na girgiza kai. Ta zaro na biyu, babba, ta tauna a hankali tana kallona, ta haɗiye. Unguwar zoma tana ta labarin mai jegonta, ba ta san abin da ake ciki ba. Iya ta sake cewa, "Babu?" Na ji fitsari yana neman ƙwace mini. Ina so in yi magana, tsoron abin da zai biyo baya ya hana ni. Ta zaro na uku, har da ɗan reshe, ta tura a baki. Da na ga ta fara taunawa sai na kurma ihu, na faɗa kanta ina ƙoƙarin zura yatsa a bakinta, ina cewa, "Iya tofar! Iya guba ce! Maganin mai wake na zuba!" Unguwar zoma ta saki salati, ta yi jifa da ƙullin da ke hannunta kamar ta ɗauki wuta. Iya kuwa ta riga ta haɗiye. Ta riƙe mini hannu gam, ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. Ba ta zage ni ba, ba ta tambayi dalili ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Wani ya fita?"

Na ce ƙulli ɗaya. Ta ce wa na ba. Na ce wata mai nono, za ta dafa wa jaririnta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Iya ba sai ranar. Leɓenta ya hau rawa, yawu ya fara zubo mata ta gefen baki, zufa ta karyo mata. Unguwar zoma tana cewa a nemo manja, a nemo nono, a kira Baba. Iya ta ture ni ta ce, "Me kike jira a nan? Ni na tsufa. Bi ta! Kada ki dawo mini sai da ganyen nan."

Na yi gudu a rayuwata, amma ban taɓa yin irin na ranar ba. Ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ba, ƙaya ta soke ni ban ji ba sai daga baya. Duk mai ƙwarya a ka da na hango sai in sha gabanta ina haki, in ga ba ita ba ce. Na shiga kasuwa na nufi gindin bishiyar da masu nono suke zama, sun fi ashirin a jere. Na bi su ɗaya-ɗaya ina leƙa fuska. Suka ce wa nake nema. Na ce wata mai goyo. Suka kwashe da dariya, don rabinsu da goyo. Suka ce yaya sunanta, daga wace ruga take, 'yar gidan wa ce? Ban sani ba. Ko kalar zanenta na kasa tunawa, ni da na tsaya ina yi mata iyayi. Kunya ta hana ni faɗin dalili, na yi ta zagaye ina kuka, ina ganin rana tana ƙara ɗagawa, ina lissafin yanzu ta sayar da nonon, yanzu ta kama hanya, yanzu ta hura wuta. Da na ga ba sarki sai Allah, na tsaya a tsakiyarsu na ɗaga murya na faɗi abin da na yi. Wata dattijuwa a cikinsu ta miƙe ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke kuwa me yaron ya yi miki?" Sannan ta juya ta yi wa sauran magana da Fulatanci, nan da nan wasu suka rufe ƙorensu suka watsu, kowa ta kama hanyar rugarsu don ta kai labari. Na zauna a wurin har la'asar ina duban duk mai wucewa, ba ta ɓullo ba.

Na koma hannu rabbana. Na tarar an kai Iya asibiti, Baba ne ya goya ta har bakin titi. Ta yi amai har ta galabaita, jikinta yana ta karkarwa, kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Da ta farfaɗo, ta buɗe ido ta gan ni a gefen gado, abin da ta fara cewa shi ne, "Kin same ta?" Na ce a'a. Ta juya fuska bango. Baba ya yi kusan mako yana bin rugage a kan keke, har wajen hanyar Kagara ya kai, don an ce wasu sun tashi sun yi can da shanunsu. Duk inda ya je sai a ce ba a san ta ba, ba a kuma ji an yi rashin yaro ba. Wasu suka ce ƙila labari ya riske ta ta zubar. Wasu suka ce ƙila baƙuwa ce mai wucewa. Iya ta sa aka tuge fangalina aka ƙone, aka kwashe ƙasar wurin aka kai nesa, damina uku ba a shuka komai a gurbin ba. Ba wanda ya doke ni. Da ma dukan aka yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta warware, ko da yake hannunta bai daina rawa ba har ta koma ga Allah, na tambaye ta me ya sa ta haɗiye alhali ta gane tun a ganyen farko. Ta ce, "Da na tofar, da kin rantse mini ba ki san komai ba, ni kuma in tsaya bincike har rana ta faɗi. Na san ba za ki iya kallona ina ci ba. Sai dai ban zaci za ki kai ni har na uku ba." Wannan magana ta fi mini bulala zafi. Shekara ta zagayo, ta kira ni gaban masu saye, ta miƙo mini ƙulli ta ce daga yau ni zan riƙa taunawa. Yayyena suka yi ta gunaguni, wai a rasa wanda za a ba sai wadda ta kusa kashe ta. Iya ta ce, "Ku ba ku san tsoro ba. Ita ta sani."

Ban sake ganin matar nan ba. Shekaru na yi ina tsayawa a bakin shinge idan na hango mai nono. Na yi aure, na haifi nawa, duk sanda ɗayansu ya yi gudawa na dafa masa ɗaɗɗoya sai goyon nan nata ya faɗo mini a rai. Idan yaron nan ya rayu, yanzu shi ma ya yi furfura, ƙila yana da jikoki, ƙila ma na taɓa wuce shi a kasuwar shanu ban sani ba. Idan kuwa bai rayu ba, to uwarsa ta binne shi tana ganin ciwon ciki ne ya ɗauke shi, tana sa wa yarinyar lambu albarka. Na je Makka na roƙi gafara a kan wannan, na yi sadaka ban san iyaka ba. Amma a ce yau ga amsa, ya mutu ko ya rayu, ban samu ba, kuma na san ba zan samu ba sai a gaban Allah.

Yau babban ɗana ne yake riƙe da lambun, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana ƙoƙari. Bai taɓa shigo da takin zamani ko maganin feshi ba. Ya haƙa rijiyar burtsatse don mu rabu da rafin. Sai dai ciniki ya canza. A da mai saye yana tsaye a gabanka, ka san sunansa, ka san gidansu, in wani abu ya faru kafin azahar ka isa ƙofarsa. Yanzu shanya ganyen ake yi, a ɗura a leda, a manna takarda mai cewa ba a sa masa maganin zamani ba, mota ta kwasa zuwa Abuja da inda ban taɓa zuwa ba. Wai mutanen can sun fi son irin namu. Duk masu shansa yanzu irin Bafulatanar nan ne a wurina, ba suna, ba ruga. Ga maƙwabta kuma sun kewaye mu, kowa ya ga ciyawa a bayan katangarsa sai ya kira mai feshi, ba ruwansa da inda iska ta nufa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, suna ce mini, "Yi haƙuri Hajiya, ai ciyawa kawai yake kashewa." Ɗana ya ce akwai inda ake kai ganye a gwada da na'ura, yana kaiwa lokaci-lokaci. Na ce madalla, amma na'urar tana can, iska kuwa kullum tana nan.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gidan ba. Shekara biyu ke nan da na yi wani zazzaɓi mai zafi, na tashi, amma harshena bai tashi tare da ni ba. Gishiri da sukari duk ɗaya suke a bakina. Shuwaka nake taunawa kamar ina tauna takarda. Hancin ma ya tafi. Ni da nake gane ganyen da hayaƙin bola ya taɓa, yau ko kananzir aka zuba ba zan sani ba. Na so in faɗa, sai na duba wanda zan miƙa wa. Ɗana yana ganin taunar nan al'ada ce kawai mai daɗin faɗa wa baƙi, har hoto yake ɗaukata. Matarsa ta ce ita cikinta ba ya son ɗanyen ganye. Jikoki kuwa in na miƙa musu sai su yatsine fuska su ce, "Kai Hajiya, sai ka ce awaki." Ranar da suka san bakina ya mutu, ranar za a daina, a ce ai dama ba amfani.

Shi ya sa na ƙaro wata doka, suna ta mita ba su san dalilinta ba. Ranar lodi, da hantsi, sai a jere mini buhunan a gindin mangwaro. In zura hannu tsakiyar kowanne, in ɗebo, ba ganye ɗaya ba, cike da tafi, in tauna da 'yan haƙoran da suka rage, in kora da ruwa. Sannan in ce ba buhun da zai hau mota sai bayan la'asar. Ɗana yakan zo ya tsuguna ya ce, "Hajiya, don Allah, direba tun safe yake jira, hanya ba kyau in yamma ta yi." In ce ya jira, in ba zai iya ba ya tafi. Ya tashi yana girgiza kai, ina jinsa yana ba direban haƙuri, wai tsufa ne.

Sai in zauna a kan tabarma, carbi a hannu, ɗayan hannun a kan cikina. Suna ɗauka lazimi nake yi, ni kuwa saurare nake yi. Ko cikina ya ɗan murɗa sai gabana ya yanke ya faɗi, in shafa goshi in ji ko zufa ce, in haɗiyi yawu in ji ko ya fi na ɗazu yawa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, irin wanda na ji ina budurwa, ko kaɗan bai tsufa ba. Idan aka kira la'asar ban ji komai ba, sai in ce a ɗora. In kuwa wata rana na ji, roƙona ɗaya ne ga Allah, ya bar mini numfashin da zan ce musu kada buhu ko ɗaya ya fita.